Idan agogon kwamfuta ya ƙi daidaita

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin masu karatu kan agogon kwamfuta. Idan ya kauce, shafukan intanet kan ƙi buɗewa suna kukan shaidar tsaro, a ofisoshi kuma Kerberos, tsarin tantance masu shiga kwamfuta, kan hana shiga da zarar bambancin agogon kwamfuta da na saba ya wuce minti 5.

A fara duba girman kuskuren. In awa guda ce cif, yankin lokaci aka saita ba daidai ba. In kwanan wata na komawa shekarun baya duk sanda aka cire wuta, batirin nan na cikin kwamfuta mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, sai a sauya shi.

Sauran na NTP ne, tsarin da kwamfuta ke tambayar lokaci da shi ta ƙofar UDP 123. Sau da yawa katangar tsaro (firewall) ce ta toshe ƙofar, ana ta zargin na'ura a banza. A Windows, a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, a rubuta w32tm /query /status don ganin inda take samun lokaci, sannan w32tm /resync. A Linux, umarnin chronyc sources na chrony, manhajar daidaita agogo, zai nuna sabobin da ake tambayar lokaci: alamar ^* na nufin an daidaita, ^? kuwa ba a samun amsa mai amfani.

Abin da aka fi mantawa: ntpd, wata manhajar daidaita agogo, kan tsaya cak idan bambancin ya zarce daƙiƙa 1000, don haka a fara gyara agogon da hannu. Kada kuma a bar chrony da ntpd suna aiki tare, kowanne zai riƙa jan agogon nasa wajen.

Naku,
Wani mai kula da kwamfutoci