A Gyara Maganar da Aka Yi Kan Cara Black

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dariyar da mai gabatar da shirinku na wasanni ya yi ranar Asabar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bawan Allah ya bugo waya daga Kumo ya ambaci Cara Black 'yar wasan tanis, aka katse shi da cewa ai kofunanta na 'yan bibbiyu ne, kowa rabin fili yake tsarewa, wai can ne waɗanda wasan ɗaiɗai ya gagara suke fakewa. Wallahi raina ya ɓaci. Rashin sani ba laifi ba ne, amma a kunyata wanda ya fi ka sanin abu a kunnen jama'a, wannan laifi ne.

Kun ce har yau babu macen Afirka da ta ɗaga ɗaya daga cikin manyan kofunan tanis huɗu, tunda Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022 da 2023, da gasar Amurka a 2022, duk ba ta ci ba. Da kun ce a wasan ɗaiɗai kuke nufi, da ban ce uffan ba. Cara Black 'yar Zimbabwe ce, a can aka haife ta a 1979, kuma manyan kofuna 10 gare ta. Biyar a wasan mata bibbiyu: Wimbledon 2004 tare da Rennae Stubbs, sai Wimbledon 2005 da 2007, gasar Ostareliya 2007 da ta Amurka 2008, duk tare da Liezel Huber. Biyar kuma a wasan da ake haɗa namiji da mace: gasar Faransa 2002 da Wimbledon 2004 tare da yayanta Wayne, sauran ukun tare da Leander Paes na Indiya, wato Amurka 2008, Ostareliya da Wimbledon 2010. Ku lura, a Wimbledon na 2004 kofi biyu ta kwasa a gasa guda. Ta yi mako 163 tana ta ɗaya a duniya, ta ci kofuna 60 na mata bibbiyu kafin ta ajiye raket, wato abin buga ƙwallon. Bayan ta haihu ta dawo fili, a 2014 ita da Sania Mirza suka ci gasar ƙarshen shekara a Singafo da 6-1, 6-0.

Zancen wai wasan ɗaiɗai ya gagare ta shi ma bai da tushe. A 1997 ita ta ci Wimbledon da gasar Amurka ta 'yan mata matasa ita kaɗai, kuma a cikin manya ta kai ta 31 a duniya. Mahaifinsu Don Black, wanda shi ma ya buga Wimbledon, shi ya yi musu filayen ciyawa a gonarsu. A kan ciyawa ƙwallo ba ta tashi sama, zamewa take yi, dole yaro ya koyi rugawa gaban raga ya tare ta kafin ta faɗi ƙasa. Daga gidan nan yayanta Byron ya fito ya ci gasar Faransa ta maza bibbiyu a 1994, Wayne ya ci ta Amurka a 2001 da ta Ostareliya a 2005 tare da Kevin Ullyett.

Yanzu batun rabin fili. Faɗin filin 'yan ɗaiɗai mita 8.23 ne, na 'yan bibbiyu 10.97, saboda an ƙara lungu mai mita 1.37 a kowane gefe. Mai lissafi daga ɗaki zai raba biyu ya ce kowa ya samu sauƙi. Abin da bai lissafa ba shi ne lokaci. Mai wasan ɗaiɗai yana bayan layin ƙarshe, kusan mita 12 daga raga, ƙwallo ta yi tafiyar mita ashirin da wani abu, ta daki ƙasa ta rage gudu kafin ta iso shi. Wanda ke gaba a wasan bibbiyu kuwa wajen mita 3 yake daga raga, ƙwallon na zuwa masa da cikakken ƙarfinta, sau da yawa saitin ƙirjinsa ko kwankwasonsa. Ba damar ja da raket baya. Kan raket yana sama, gwiwa a lanƙwashe, tarewa kawai ake yi da ɗan taki guda zuwa gaba. Duk wanda ya ce zai wurga hannu kamar yana baya, ƙwallon waje za ta yi. A nan Cara Black ta yi suna, ga ta ba doguwa ba.

Kafin kowane sabis, wato bugun da ake fara neman maki da shi, na gaba yana sa hannu a bayansa ya yi wa abokinsa ishara. Da yatsa yake nuna inda za a jefa sabis ɗin: tsakiya, jikin mai karɓa, ko gefe. Sannan in ya dunƙule hannu, zai tsaya a wurinsa, in ya buɗe tafi, zai tsallaka ya tare ƙwallon da aka mayar. Mai sabis ya amsa ko ya ƙi. In an shirya tsallakawa, yana bugawa zai ruga ya rufe gefen da abokinsa ya bari. Lokacin tashi shi ne komai: sai mai karɓa ya fara kawo raket ɗinsa gaba. Ka tashi da wuri, ya gan ka, ya zura ta lungun da ka bari. Ka makara, bakin raket ɗinka kawai zai taɓa ta, ka ɓata wa abokinka da ya riga ya bar wurin. Kamar shanun huɗa ne, in ɗaya ya riga ɗaya taki kunya ta karkace.

Shi ya sa ƙwararru suka fi jefa sabis ta layin tsakiya, don ya toshe wa mai karɓa kusurwa. Sun kuma gwammace sabis na farko ya shiga ko da an rage masa ƙarfi, domin sabis na biyu mai laushi na gaba ne yake shan wahalarsa. Shi ma mai karɓa hanya siririya gare shi: ya mayar a karkace, ƙasa-ƙasa, zuwa ƙafar mai sabis da ke tahowa, kuma ta tsakiyar raga inda tsayinta ya sauka zuwa mita 0.914, ba wajen sanduna ba inda ya kai 1.07. In ya dame ku da irin wannan mayarwa, na gaba sai ya tsuguna a kan layin tsakiya, bayan sabis ya miƙe ya yi dama ko hagu yadda aka shirya. Maki mafi yawa da yara ke zubarwa kuwa a tsakiya ne, kowa ya bar wa ɗan'uwansa, ko ƙwallon da aka ɗaga ta saman kai ba wanda ya ce a canja gefe. A yawancin gasannin ƙwararru yanzu, in aka yi kunnen doki 40-40 maki ɗaya ke raba gardama, turmi na uku kuma an maye shi da tseren maki 10. Ishara ɗaya ta ruɗe, kuɗin jirgi da na masauki sun tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara suna jin ku. Filayen tanis a Gombe ba su da yawa, kuma wasan bibbiyu ne ke sa yaro huɗu a fili ɗaya da gwangwanin ƙwallo ɗaya. Kun ce na ragwaye ne, yanzu wane mai koyarwa ne zai sa su yi shi da zuciya ɗaya? Nduka Odizor namu da kuke yawan tunawa da zagaye na huɗu da ya kai a Wimbledon a 1983, kofi ɗaya ya ci shi kaɗai, bakwai kuwa a wasan bibbiyu. Shi ma rago ne? A shiri mai zuwa a karanta kofunan Cara Black ɗaya bayan ɗaya, a kuma ba mutumin Kumo haƙuri da baki.

Sai kuma lokacin shirin. Tun da kuka matsar da shi yake cin karo da sallar Magariba, mutum ya dawo daga masallaci ya tarar da talla da sakamakon ƙwallon Ingila kaɗai suka rage. Ku mayar da shi bayan La'asar yadda yake a da.

Naku mai sauraro,
daga Jekadafari, Gombe.