Babana, Ka Koma Kan Maganinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya kuma sanyin Zhengzhou, can ƙasar Sin? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, ƙafar da sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida da kanta.

Na rubuto ne ban kira ba, saboda na san halina kuma na san naka. In na kira, muryata za ta hau, kai kuma ka yi ta "to Baba, to Baba" har mu ajiye waya babu wanda ya ji wani. Ga kuma awa 7 da ke tsakaninmu, lokacin da na taso daga kasuwa na samu natsuwa, kai dare ya raba a wurinka. Ka karanta wannan a zaune, har ƙarshe.

Ranar Laraba Goggonka ta zo gida hankali a tashe, riƙe da waya. Ta nuna min bidiyon da ka sa, kana cikin fararen kaya a tsakiyar tsofaffi kusan ashirin a wani lambu, kuna ɗaga hannu a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, a ƙarshe kuka dunƙule hannun dama, kuka rufe shi da tafin hagu a gaban wani dattijo. Ta ce an ce ka shiga addinin mutanen Sin. Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna.

Ni wannan abin, wato taici, motsa jikin mutanen Sin, ba baƙona ba ne. Tun zuwana Gwanzu na farko saro kaya nake ganinsa. Akwai lambun Yuexiu, daura da masallacin da suke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yana ciki, ko da yake malamanmu sun ce a Baƙi'a aka binne shi. Da sassafe za ka tarar da su rukuni-rukuni a ƙarƙashin bishiyoyi, da 'yar rediyonsu a ƙasa. Ba na manta wata tsohuwa da ba za ta kasa shekara tamanin ba, kanta fari fat. Ta tsaya a kan ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar a hankali, ta miƙe ta, ta sauke, ko gezau ba ta yi ba. Na tsaya ina kallonta ina tuna tsofaffinmu da tun suna sittin sai an kama su za su tashi daga kan tabarma. Tafintana a lokacin Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui, tare muke sallah. Shi ya fara faɗa min cewa taici asalinsa dabarar faɗa ce, daga wani ƙauyen zuriyar Chen a lardin Henan, nan inda kake, sama da shekara 300 da suka wuce. Ya ce a 1956 hukumar wasanni ta ƙasar ta tsamo motsi 24 ta sauƙaƙa su don kowa ya iya, kuma shi ne wanda aka fi koya wa sababbi. Ina jin shi kuke yi, domin na gane wanda suke kira raba gezar doki. Na kuma gaya wa Goggonka abin da ka rubuta a ƙasan bidiyon, cewa a 2020 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Ba ta gamsu sosai ba, amma ta tafi da sauƙin zuciya.

Ta fuskar addini magana biyu ce kawai. Gaisuwar hannu gaisuwa ce, ka yi ta, amma kada ka sunkuya wa kowa har ya kai ruku'u. In ka ga an kunna turare a gaban hoto ko gunki, ka ja gefe cikin ladabi har a gama. Kada kuma ajin safe ya ci maka Asuba. Na yarda da tarbiyyar da ka tashi a kanta, ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ƙanwarka ta faɗa ba da niyya ba. Muna cikin wannan magana ta ce, ai Yaya ya ce tun da ya fara taici ya ji garau, har ya daina shan ƙwayar. Na ce wace ƙwaya? Ta yi shiru. Na sake tambaya, ta ce ta hawan jini, wata uku ke nan.

Wata uku, Babana! Wata uku kana gaishe ni kowace Juma'a, ina tambayarka magani, kana cewa alhamdulillahi. Ashe alhamdulillahin nan labule ka yi da ita. Wa ya ba ka wannan fatawa? Dattijon lambu ne likitanka, ko kai ne ka zama likitan kanka don ka yi shekara biyu a jami'a? Da me ka auna? Ka ce ka ji garau. Wallahi da na ji wannan kalma sai da jikina ya yi sanyi, domin ita ce kalmar Baffanka, ba ragi ba ƙari.

Kana aji uku a sakandare lokacin, an ɓoye muku da yawa. Yanzu ka girma, ka ji. Bayan La'asar ne, a shago, yana auna wa wata mata shadda. Sai almakashi ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya ɗago ya kalle ni zai yi magana, na ga bakinsa ya karkace gefe guda, yawu na zuba a kan rigarsa. Mutumin da da safiyar ranar shi ya ɗaga dila da yaran shago. Wata takwas ya yi a kwance, ni nake juya shi, ni nake masa alwala, yana kallona yana hawaye, kalma ɗaya ta gagare shi. Bayan sadakar uku na buɗe durowar tebur ɗinsa ina neman takardun bashi, sai ga kwalayen magani guda biyar a jere, ko ɓare su ba a yi ba, ƙura ta rufe su. Ni nake sayo masa duk wata. Ashe karɓa yake ya ajiye, ya koma wa wani jiƙo da aka ce masa yana wanke jini.

Har yau akwai masu cewa da na matsa masa da bai kai haka ba. Ni na san na yi iya yina, yayana ne, ba zan buɗe bakinsa in zuba masa ba. Amma ban taɓa buɗe durowar nan ba sai da ya rasu, kuma wannan yana nan a zuciyata. Saboda haka in ka ga na tsananta a kanka, ka san wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Kakanka da ka ci sunansa ma ai ka san da me ya tafi. Abin a jininmu yake, shi ya sa ya kama ka tun ba ka kai talatin ba.

Ban tsaya a kan tsorona kaɗai ba. Jiya na je na samu likitan da ya fara duba ka, na nuna masa bidiyon. Bai kushe ba ko kaɗan. Ya ce motsa jiki ne mai kyau, jan numfashi a hankali da sakin jiki suna kwantar da hankali, suna gyara barci, suna iya rage hawan jini kaɗan, kuma tsofaffin da ke yi ba su cika faɗuwa ba. Amma ya ce taimako ne, ba madadin magani ba. Ya ce hawan jini kisan mummuƙe yake yi, mutum zai iya yawo da awon da ya haura 140 bisa 90 shekara da shekaru bai ji ko ciwon kai ba, alhali yana cin ƙoda da ido da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ya ƙara da cewa sanyi yana ɗaga jini, ga ku kuna cikin hunturu, ga abincin can da gishiri. Na san romon taliyar nan tasu, na sha shi, kuma na san ba ka barin komai a kwano.

Na san abin da ya kai ka lambun nan. Mahaifiyarka ta gaya min yadda ka yi fama da rashin barci a shekarar farko, kana kwana ido biyu a ɗaki kai kaɗai, ba ka so in sani don kada in ce ka cika raki. Wataƙila da na faɗa ɗin. Ni na dage ka tafi, kuma har gobe ina ganin daidai na yi, domin ba na so ka ƙare a bayan kanta kamar ni. Amma na yi zaman baƙunta a ƙasar nan, na san yadda mutum ke wuni bai ji wanda ya kira sunansa daidai ba. Da ta ce min tsofaffin suna ajiye maka wuri a layi, suna zuba maka shayi daga fulas ɗinsu, in ba ka zo ba su tambaya, sai na ji ina ƙaunarsu ban san su ba. Allah Ya saka musu. Kada ka daina zuwa. Ka dai kula da gwiwa, kada ka matsa wa kanka sai ka yi ƙasa sosai kamar waɗanda suka shekara talatin suna yi.

Na tura maka kuɗi yau da safe, ba na makaranta ba ne. Ka sayi na'urar awon jini, irin ta dantse. Ka je asibitin makaranta a wannan makon, ka gaya wa likita gaskiya cewa ka yi wata uku ba ka sha ba, kada ka rage ko kwana ɗaya. Abin da ya ce, shi za ka yi. Sannan ka riƙa aunawa safe da dare har kwana bakwai, ka ɗauki hoton lambar ka turo min, ni da kaina, ba ta hannun mahaifiyarka ba. In nan gaba likita ya duba ya ce a rage ƙwayar saboda taicin ya yi aiki, ni zan fi kowa murna, har sadaka zan yi.

Kada ka yi wa ƙanwarka faɗa, tun ranar take kuka. Hajiya ba ta san komai ba, kuma ba na so ta sani. Ta dai ga bidiyon, ta ce in ka dawo hutu ka koya mata irin wanda ake yi a zaune. Ni ma gwiwar hagun nan ta fara damuna wajen tashi daga sujada, sai ka haɗa mu.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ina jiran hoton farko gobe in Allah Ya kai mu.

Mahaifinka.