Wasiƙa daga bakin Kogin Haɗeja

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Jos? Mu nan Kirikasamma sai godiyar Allah. An gama yankan shinkafa, masu alkama sun shiga ban ruwa.

Ka ce abokan aikinka na son ka kawo su Baturiya kallon tsuntsaye. Bismillah, ku zo, amma kada ku bari Fabrairu ya wuce. Yanzu ne baƙin da ke gudo wa sanyin Turai suke cike da fadama, sun cakuɗu da namu na gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe. Wani sa'in masunta kan ci karo da mai zobe a ƙafa, da rubutun boko a jiki. Tun 2008 aka sa Baturiya cikin manyan dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Tafkin Nguru da mashigin Marma kuwa tun 2000. Dausayin Dagona na ƙasar Bade ma har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya je a 1989. A Haɗeja za ku kwana ku yi sammako, a dawowa ku biya kasuwar kifi su ga bandar tarwaɗa da karfasa.

Sai dai kada ka cika musu baki da kogin da ka sani muna yara. Kachala ta cinye shi. Inda muke tsallakewa da iyo, yau kwalekwale ma da kyar yake kutsawa, ciyawar ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba.

Dattawa sun ce a da kogin nan yana da lokacinsa. Da damina ya cika ya batse, ya share hanyarsa, ya zuba wa fadama sabuwar laka, kifi ya bi ruwa ya yi ƙwai. Da rani ya ja baya har ƙasa ta tsage, duk wata ciyawar ruwa ta mutu. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ba shi da ƙarfin ture yashi, ba ya kuma ƙafewa, abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin da reshensa na Burum Gana, ruwa ya karkata Marma yana cin gonaki har Nguru, wasu garuruwan kuma suna kallon busasshen rafi. Abin da ke kaiwa Gashuwa, ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi, yawancinsa na Kogin Jama'are ne. Ga janbaki sun samu ɗakin kwana a cikin ciyawar. Yaro sai ya wuni a gona yana kaɗa gwangwani.

Ban ce dam sharri ne ba. Da shi Kano take shan ruwa, da shi Kadawa da Kura suke fitar da tumatir da shinkafa, ga na Auyo nan kusa da mu suna cin moriyar noman rani. Abin da nake gani shi ne, mai buɗe ruwa a sama ya riƙa tunawa da na ƙasa, a sake shi da ƙarfi a kan lokaci, a kuma yashe hanyoyin. Muna yin gayya da adduna, amma abin da muka sare bana, baɗi ya dawo. Ka ji yadda ambaliyar 2022 ta yi da Ringim da Auyo da nan wajenmu. Ruwan da ya rasa hanya gidajen mutane yake shiga.

Wani abin da zai ba ka dariya, kogin har majalisar bayan Magariba ya shiga. Gardama ta kaure kan zakkar shinkafa. Liman ya warware: wadda ruwan sama ko cikar kogi ta shayar, ɗaya cikin goma, wadda aka sha wahalar ja mata ruwa da inji, ɗaya cikin ashirin. Nan take kowa ya tuna yana da inji! Daga nan malam ya zarce da hadisin da ya hana ɓarnar ruwa wajen alwala ko da mutum yana bakin kogi mai gudu, ya kuma ja kunnen masu zuba maganin ƙwari a gurbi don kama kifi. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai, domin ruwan nan shi mata ke ɗiba, shi shanun Fulani ke sha. Zancen iskokan gurbi da yanka wa ruwa kaza kuwa ya ja baya sosai. Sarkin ruwa dai yana nan da girmansa, shi ke raba rigimar masunta, shi ake nema idan wani ya nutse.

Idan kun tsayar da rana ka yi mini waya, in nemo mana mai kwalekwale tun da wuri. Ka taho mini da dankalin Turawa ko rabin buhu ne. Inna tana gaishe ka, ta ce ka zo mata da yaran. Ka gaida uwargida.

Wassalam,
Naka amini