Wanda ya kira dillali shi ya biya la'ada

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin mu sa baki a maganar dokar dillancin gidaje da filaye. Duk lokacin da aka tayar da zancen, abin da ake fara cewa shi ne gwamnati ta ƙayyade la'ada, kada ta wuce kashi kaza cikin ɗari. Muna ganin ba daga nan gizo ke saƙa ba. Ainihin ciwon shi ne wanda ya ɗauki dillali aiki daban, wanda ake karɓar la'ada a hannunsa daban.

A harkar haya abin ya fi fitowa fili. Mai gida ne ke zaɓar dillali, amma ɗan haya ne ke biya. Tunda ba daga aljihunsa kuɗin zai fita ba, mai gida ba shi da dalilin neman ragi. Ɗan haya kuwa ba ya iya ciniki, don gidan da yake so a hannun wannan dillalin yake, in ya yi gardama wani na tsaye a bayansa. Shi ya sa ko dillalai sun cika gari, la'ada ba ta sauka.

Jamus ta gyara wannan tun ranar 1 ga Yuni, 2015: wanda ya nemi dillali shi zai biya shi. In ɗan haya ne da kansa ya sa a nemo masa gida, abin da za a karɓa a wurinsa ba zai wuce hayar wata biyu ba, ban da haraji. A watan Disamba na 2020 suka taɓo cinikin gidajen zama: ba za a ɗora wa mai saye fiye da rabin la'ada ba, kuma idan mai sayarwa ne ya kira dillalin, mai saye ba zai ba da nasa kason ba sai an nuna masa shaidar cewa mai sayarwa ya biya nasa. Wannan sharaɗi na shaida shi ne gishirin dokar, domin in babu shi sai dillali ya yafe wa mai gida a ɓoye, ya tatsi mai saye.

Ingila ta bi ta wata hanya a 2019. Ta haramta karɓar kuɗin dillanci daga ɗan haya gaba ɗaya, sannan ta lissafa abubuwan da aka yarda a karɓa, duk abin da ba ya cikin lissafin haramun ne. Kuɗin ajiya na ɓarna ba zai wuce hayar mako biyar ba in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kafin alƙalami kuma hayar mako guda. Laifin farko tararsa na iya kaiwa fam 5,000. Muna so masu rubuta doka su lura da wannan salo. Idan doka ta ce la'ada kada ta wuce kashi kaza ta yi shiru, washegari za a ga kuɗin ganin gida, kuɗin cike fom, kuɗin takardar yarjejeniya, kuɗin sabunta haya, a haɗa su duka su zarce abin da aka rage. Suna kawai aka sauya. Dole doka ta yi magana a kan jimillar abin da zai fita daga hannun mutum, ko da wane suna aka kira shi.

Za a ce ai mai gida zai mayar da kuɗin cikin haya. Wani ɓangare zai iya komawa, ba mu musa ba. Amma mai gidan da zai biya da hannunsa zai zagaya dillalai uku ya ji wa ya fi sauƙi, kuma abin da ya ƙara a haya a fili yake, mai neman gida zai iya gwada shi da na gidan maƙwabta tun kafin ya taka ƙafa.

Ƙayyade kason kansa yana da illar da ba a cika faɗa ba: adadin da aka ce shi ne iyaka sai ya zama shi ne farashi, kowa ya tsaya a kansa yana cewa haka gwamnati ta yanke. Ko ba doka ma al'ada na yin wannan aikin. A Amurka an daɗe ana biyan kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, mai sayarwa ke biya, a raba tsakanin dillalinsa da na mai saye. A watan Oktoba na 2023 masu taya alƙali hukunci a jihar Mizuri suka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8 a ƙarar da masu sayar da gidaje suka shigar kan wannan tsari. A Maris na 2024 ƙungiyar dillalan ƙasar, NAR, ta amince da sulhun dala miliyan 418, kuma daga Agustan shekarar sai mai saye ya sa hannu a takarda da dillalinsa, an rubuta abin da za a biya shi, kafin a kai shi ganin gida. Inda ƙayyadewa ta zama dole, wato haya a biranen da gidaje suka yi ƙaranci, tsarin Faransa na 2014 ya fi ma'ana: an auna da faɗin gida, a lokacin yuro 12 ko 10 ko 8 a kowace murabba'in mita gwargwadon yankin, kuma kason ɗan haya ba zai fi na mai gida ba. Wahalar nuna ɗaki ba ta ƙaruwa don hayarsa ta tashi.

Akwai wani lissafi da ya kamata duk mai sayar da gida ya yi. A ce kuɗin gida miliyan 100 ne, ko da wane irin kuɗi ake ƙirga, la'ada kashi 3. Dillali zai samu miliyan 3. In aka taya miliyan 95 ya matsa wa mai gida ya sallama, la'adarsa ta koma miliyan 2 da dubu 850. Shi ya rasa dubu 150, farashin gidan ya faɗi da miliyan 5. Don haka gaggawar rufe ciniki ta fi masa riba a kan jiran tayi mai kyau. Maganinsa a rubuta la'ada hawa biyu, ƙaramin kaso har zuwa farashin da aka amince, babban kaso a kan abin da ya haura. Doka kuma ta tilasta wa dillali isar da kowane tayi ga mai gida a rubuce, kamar yadda ake yi a Birtaniya, ta kuma sa ya bayyana in shi ko ɗan'uwansa ne ke son sayen gidan. Abin da ya fi wannan muni shi ne mai gida ya ce a kawo masa kaza, duk abin da ya hau kai na dillali ne. Nan dillali ya zama abokin hamayyar wanda ya ba shi amana, yana ɓoye masa ainihin darajar kayansa. Jihohi da dama a Amurka sun haramta irin wannan yarjejeniya, kuma ta cancanci haramci ko'ina. Haka ma dillali ɗaya ya tsaya wa mai saye da mai sayarwa yana karɓa ta hannu biyu, kada a yarda sai dukkansu sun sani sun sa hannu.

Sai batun kuɗin mutane da ke ratsa hannun dillali, wanda nan ne aka fi yin kuka. Kafin alƙalami, hayar shekara, kuɗin ajiya, duk su shiga asusun dillali na kansa, ya juya su a wata harka, ciniki ya rushe, a nemi kuɗi a rasa. Ko kuma gida ɗaya a karɓi kuɗin mutum uku. Abin da ke hana wannan sananne ne: asusun amana na daban wanda ba a haɗa shi da kuɗin ofis, rasidi mai lamba a kan kowane kuɗi, mai binciken kuɗi ya duba asusun duk shekara, da wani asusun diyya da dillalai ke zuba wa kuɗi domin a biya wanda aka cuta ko da dillalin ya gudu. Dokar Faransa ta 1970 ta ƙara da cewa babu dillanci sai da katin sana'a da takardar wakilci daga mai gida, kuma ba a taɓa la'ada sai ciniki ya tabbata.

Yadda za a sa dillalai su yi rajista shi ne abin da ke kayar da dokoki da yawa, don hukuma ba ta da ma'aikatan da za su bi lungu-lungu. Afirka ta Kudu ta samo dabara: a dokarta ta 2019, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2022, dillalin da ba shi da takardar shaidar asusun diyya ba shi da haƙƙin karɓar la'ada. Kowane mai saye da kowane lauya sai ya zama mai gadin dokar. A haɗa da rajistar da kowa zai iya dubawa ta waya da lambar lasisi a kan kowace talla. Amma a yi hattara da tsananta sharuɗɗa. In aka ce sai mai digiri ko mai ofis, ko aka tsauwala kuɗin lasisi, ƙananan dillalan da suka san kowane gida a unguwa za su ci gaba da aiki a ɓoye, talakan da ke hulɗa da su ya rasa inda zai kai ƙara. Gajeren horo, jarrabawa mai sauƙi a harshen da mutum ke ji, da kuɗin rajista daidai ƙarfi sun wadatar.

Muna kira ga 'yan majalisa su sa wa'adi a cikin dokar kanta: kwanakin da za a mayar da kuɗin ajiya bayan ɗan haya ya tashi, kwanakin da hukuma za ta yanke hukunci a kan ƙorafi ba tare da an ɗauki lauya ba, da ikon ƙwace lasisi a laifi na biyu. Sunan wanda aka ƙwace wa lasisi kuma a wallafa shi a rajistar, tare da laifin da ya yi da ranar hukunci.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu karanta jaridarku