A riƙa tambayar mawaƙa: faifan na wane ne?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shafinku na nishaɗi yakan kawo mana tarihin fitattun mawaƙa: waƙar da ta fito da su, motar da suka saya, auren da ya mutu. Amma ba ku cika tambayar su wanda ya mallaki aikin ba, alhali a nan ake rabuwa tsakanin wanda ya tsufa cikin rufin asiri da wanda sai an kafa masa gidauniya kafin ya ga likita.

Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta. Akwai na wanda ya tsara baitoci da karin, akwai kuma na ɗaukar da aka yi a situdiyo, wato masta. Mawaƙi kan ɗauka cewa tunda muryarsa ce, masta tasa ce. A yawancin yarjejeniyoyi ta wanda ya biya kuɗin ɗaukar ce, kamfani ko furodusa, kuma shi ake biya kason masta idan an sa waƙar a fim ko talla ko manhajar sauraro.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kafin alƙalami. Matashi yana ganin kyauta aka yi masa, nan kuwa bashi ne, kuma daga kasonsa kaɗai ake cire shi, ba daga dukan cinikin ba. A ce an ba shi miliyan 10, kasonsa kashi 15 cikin 100. Sai faifan ya kawo kusan miliyan 67 kafin ya sake ganin ko sisi. Idan takardar ta ce kuɗin bidiyo da na situdiyo ma a kansa suke, bashin ya ƙaru. Manaja kuma yakan ɗauki kashi 15 zuwa 20, sau da yawa tun kafin a cire hidima. Irin wannan lissafi ne ya sa ƙungiyar mawaƙa ta TLC ta Amurka ta je kotu a 1995 ta ce ta talauce, a daidai lokacin da faifanta ke sayuwa miliyoyi.

Labarin Solomon Linda na Afirka ta Kudu ya fi ban tausayi. Ya ɗauki waƙar Mbube a 1939, ya sayar da haƙƙinta a kan kuɗi kaɗan. Aka sake mata fasali a Amurka, ta zagaye duniya, har ta shiga fim ɗin Disney na 1994. Shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci, kuma sai a 2006 iyalinsa suka samu sasanci bayan shari'a.

Waɗanda suka gane da wuri ba su yi asara ba. Ray Charles ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin faifai na ABC-Paramount a 1959 wadda ta bar masa mallakar mastocinsa, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Michael Jackson ya sayi haƙƙin waƙoƙin da ke hannun kamfanin ATV, har da na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, a 1985 kan dala miliyan 47.5, sannan a 2016 Sony ta biya magadansa dala miliyan 750 don rabin da yake da shi a kamfanin da shi da Sony suka haɗa. Prince ya canza suna a 1993 saboda rikicinsa da kamfanin faifai na Warner, bai karɓo mastocinsa ba sai 2014. Taylor Swift ta yi wata dabara: da aka sayar da mastocin kundayenta shida na farko a 2019, sai ta sake rera huɗu daga cikinsu, tunda haƙƙin tsara waƙoƙin na hannunta. A 2025 ta saye na asalin.

Don haka kafin a sa hannu, a nemi lauyan da ba na kamfanin ba ya duba shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, da ko masta za ta dawo hannun mawaƙi bayan wa'adin. A duba abin da za a ɗora masa a matsayin bashi, da ko yana da ikon turo akanta ya binciki littattafan ciniki. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, kuma in babu shi, duk adadin da aka faɗa maka dole ka karɓa. Ranar da aka gama waƙa kuma, duk wanda ya sa hannu a cikinta, mai baiti da mai kiɗa da mai amshi, su rubuta kason kowa a takarda ɗaya su rattaba hannu kafin a bar situdiyo. Rigimar kaso ba ta tashi sai waƙa ta karɓu, lokacin da kowa ya tuna abin da ya fi masa daɗi.

Ina roƙon wakilanku, idan sun zauna da tauraro na gaba, su tambaye shi faifai nawa ne nasa na kansa, da wanda zai riƙa karɓar kuɗinsu bayan ransa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku