Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu kan Cocin Kempley

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Bana kwamitin tarihi ya tattara ƙarfinsa wuri guda, wato tsohuwar cocin Maryamu da ke ƙauyen Kempley a lardin Gloucestershire na Ingila. Wasu sun yi gunaguni cewa ƙauyen ya yi nisa, kuma ba wurin ibadarmu ba ne. Mun saurare su, amma rinjaye ya tafi kan a je.

Mun kai ziyara a watan Maris, lokacin da furannin dafodil na daji suke rufe gonakin yankin. An gina cocin a farkon ƙarni na 12, kuma binciken katakon rufinta ya nuna an sare itatuwan tsakanin 1120 da 1150. Yanzu tana tsaye ita kaɗai cikin gonaki, domin mutanen ƙauyen sun koma kan tudu, aka gina musu sabuwar coci a 1903.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne zanen bango na wajejen 1130, wanda aka yi a kan ɗanyen yaɓe: Almasihu a tsakiyar rufi, manzanninsa jere a gefe biyu. A zamanin sauyin addini na ƙarni na 16 aka shafe shi da farar ƙasa, sai a 1872 aka kankare aka gano shi. Farar ƙasar nan da aka shafa don a ɓoye zanen ita ta adana shi. Masu son gyara ne suka yi ɓarnar, da suka shafa masa man sheƙi wanda ya duhunta launukan, har sai da ƙwararru suka cire shi a shekarun 1950. A ganin kwamiti, duk mai hannu a gyaran tsohon gini a gida ya kamata ya san wannan labari kafin ya ɗauki buhun siminti.

Mun kammala rubuta taƙaitaccen tarihin cocin da Hausa, saura a duba a buga. Taron yara da muka shirya bai yiwu ba saboda rashin mota.

Hukumar English Heritage ce ke kula da ginin, kuma shiga kyauta ne, don haka kuɗinmu ya tafi ne kan sufuri da abinci. Ma'aji zai karanta lissafi a babban taro. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah su biya kafin ranar.

Sakataren kwamitin tarihi