Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya shirya fim ɗin fatalwar ramin zinare

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, shugaban kamfani.

Mu masu haɗa sauti da tace hoto ne a Gusau. Ƙorafinmu a kan fim ɗinku na ban tsoro ne da kuka ɗora a YouTube, wanda tallarsa ta sa jama'a suka zuba data don kallonsa.

Labarin da kuka ɗauko mai nauyi ne: uwa ta rasa 'ya'yanta sanadin gubar dalma, baƙin ciki ya kashe ta, fatalwarta ta dawo tana bin dillalin da ke kawo dutsen zinare cikin gidaje. Babu ɗan Zamfara da bai san tushen wannan ba. A 2010 gubar ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, domin ana dakan dutsen, mai ɗauke da dalma, a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Abin tsoron ga shi a hannunku kyauta: ƙura, ƙarar injin niƙa, yaro na jijjiga ba a san dalili ba. Amma tun minti na 6 kuka fito da fatalwar gaba ɗayanta, da hoda a fuska da likkafani sabo fil mai karin guga. Daga nan ba a ƙara ambaton dalma ba. Me ya rage mai kallo ya ji tsoronsa?

Kada a fake da ƙarancin kuɗi. Daren fim ɗin da rana kuka ɗauke shi kuka rage haske a kwamfuta, shi ya sa inuwar kowa ke ƙarƙashin ƙafarsa. Fitilar LED biyu sun isa: ɗaya a bayan ɗan wasa, ɗaya a gefe an dusashe ta da farin ƙyalle. Sautin ya fi muni, domin da makirfon kyamara kuka naɗa, janareta na gurnani a ƙarƙashin kowace magana, kuma gurnanin na canzawa duk inda aka yanke hoto. Da kun ja waya kun kai janaretan bayan katanga, kun rataya makirfo kamar rabin mita saman kan mai magana, kun naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya don cike gurabe, da an huta. Jinin kuwa ruwan hoda ne. Ga abin da ya ishe ku: sukari da aka dafa ya yi kauri, jan launin abinci, ɗigon shuɗi da ɗan garin koko na cakulan, shi ke nan. Hular dillalin ma ta canza launi a tsakiyar zance, ga mutanen ƙauyen Anka na zuba Kananci zalla.

Ramuwar da aka gina fim ɗin a kanta ita ce ta fi tashi a banza. Mutum huɗu sun mutu iri ɗaya, da shaƙewa da ihu, dillalin kuma ya tuba cikin minti 5 na ƙarshe ba tare da ya fuskanci iyayen yaran ba.

Muna neman ku sauke fim ɗin ku sake tace shi: a ɓoye fatalwar har kashi na ƙarshe, a cire barkwancin mai shayi daga wurin makoki, a sake haɗa sautin. In ba za ku yi ba, ku janye tallar, ku cire sunan Zamfara daga kanta.

Wassalam.
Masu haɗa sauti da tace hoto, Gusau.